Hefarin ko ƙarin jini? Zaɓin da ke gaban likita da mai jinya idan dafin bakteriya ya rikita jini

A wani babban asibiti da na taɓa aiki, wani magidanci ya tare ni a bakin ɗakin mata da takardu biyu a hannu. Ta farko, wadda aka rubuta masa da safe, ta ce ya sayo allurar hefarin, mai hana jini daskarewa. Ta biyu, ta bayan la'asar, ta ce ya nemo mutum uku su ba da jini, domin jinin matarsa ya ƙi tsayawa a wurin da aka sa mata ƙarin ruwa. Kwana biyar ke nan da haihuwarta a gida, zazzaɓi ya rufe ta, jinin biƙi yana wari. Ya ce, "Likita, don Allah ka fahimtar da ni. Jinin nan kauri ya yi, ko tsinkewa ya yi?" Na ce, "Malam, duka biyun ne." Ya dube ni kamar wanda ake raina wa hankali.

Ba raina masa hankali nake ba. Idan bakteriya ta shiga jini ta tayar da abin da likitoci ke kira sefsis, wanda mukan gaya wa dangi da cewa "cutar ta shiga jini", jinin mutum ɗaya yana iya daskarewa a ƙoda da huhu da yatsu, a daidai lokacin da yake tsiyaya ta dasashi da hanci da ramin allura. Gaba kura, baya sayaki. Maganin ɓangare ɗaya yana iya ƙara ɓata ɗayan, kuma kowanne daga aljihun mai jinya yake fitowa. Don haka ya kamata ma'aikacin lafiya, da dangin da za su sayo maganin ko su miƙa hannu a ɗebi jininsu, su san abin da kowane zaɓi zai iya yi da abin da ya fi ƙarfinsa.

Abin da dafin ke yi wa jini

Bakteriyar da ta fi shahara da wannan ta'asa ita ce mai ɗauke da wani dafi a ɓawon jikinta, ana kiransa endotoksin. A cikinsu akwai E. coli da Klebsiella masu fitowa daga hanji da mafitsara, da Salmonella Typhi mai kawo taifot, da Neisseria meningitidis mai kawo sankarau. Richard Pfeiffer, wani almajirin Robert Koch a Berlin, shi ya raɗa wa dafin suna a 1892, bayan ya ga ƙwayoyin kwalara da ya riga ya kashe da zafi ba su fasa kashe dabbobin gwaji ba. Ƙwayar ta mutu, dafinta yana nan. Tafasa ruwa ma ba ta lalata shi.

Dafin ba shi ke daskarar da jini da hannunsa ba, jiki ne ke yi wa kansa. Wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira monosait suna da wani ɗan kunne a jikinsu mai suna TLR4, wanda Bruce Beutler ya gano aikinsa a 1998, har ya sami kyautar Nobel a 2011. Da zarar kunnen nan ya ji endotoksin, sai monosait ta buga gangar yaƙi, ta kuma fito da wani furotin da zan kira makunnin daskarewa. A lokacin lafiya wannan makunni yana ɓoye ne a bayan bangon jijiya, jini ba ya haɗuwa da shi sai an ji rauni. Yanzu ga shi yana yawo a cikin jinin kansa. Sai ya tayar da turombin, turombin kuma ya mai da fibirinojin, wanda hanta ke yi, zuwa zaruruwan fibirin masu kama da saƙar gizo. Filatilet, 'yan ƙananan ƙwayoyin nan da ke fara toshe rauni, su manne a jikin saƙar.

Jiki yana da birki uku da ke hana daskarewa wuce gona da iri: antiturombin, furotin C, da wani da ake kira TFPI. A sefsis duka ukun suna yin rauni, domin ana cinye su, hanta ba ta iya mayar da gurbinsu da sauri, bangon jijiyar da ke kunna furotin C kuma ya lalace. Sannan akwai mai shara, wato filasmin, wanda aikinsa narkar da gudan jini bayan ya gama amfani. Shi ma ana ɗaure masa hannu, saboda wani sinadari mai suna PAI-1 yana hauhawa sosai. A riƙe wannan batu na mai shara, zai dawo a gaba.

Abin ya yi kama da unguwar da aka yi shelar ɓarayi sun shigo, kowa ya fito da bulo ya toshe lungunsa. Ba a jima ba ɗan garuwa ya rasa hanya, mai kwasar shara ya rasa hanya, gidaje suka fara galabaita. Da damina ta rusa katangar gaske, aka nemi bulo aka rasa. Lungunan da aka toshe su ne ƙananan jijiyoyin ƙoda da huhu da fata. Bulon da ya ƙare shi ne filatilet da sinadaran daskarewa. Wannan hali shi ake taƙaitawa da haruffa uku, DIC.

Daskarewar nan asalinta dabarar kare kai ce. A shekarun 1950 wani likita mai suna Frederik Bang, a Woods Hole da ke Amurka, ya lura cewa jinin wata halittar teku mai kama da ƙaguwa, mai shuɗin jini, yana sandarewa da zarar bakteriya ta taɓa shi, ya kulle ta wuri ɗaya. Daga jinin halittar nan aka samar da gwajin da kamfanonin magani ke duba ruwan allura da ledar ƙarin ruwa da shi, don tabbatar da babu endotoksin a ciki. Jikinmu ma tarko yake ɗanawa da fibirin. Illar ita ce idan bakteriya ta bazu ko'ina, tarkon ma sai ya bazu ko'ina.

Ba masu endotoksin kaɗai ke wannan ba. Staphylococcus aureus, mai kawo maruru, tana da nata sinadarin da ke daskarar da jini ta ɓuya a ciki. Streptococcus pyogenes, tsohuwar abokiyar gabar masu jego, tana da mai narkar da gudan jini don ta samu hanyar yaɗuwa. Ƙarshensu dai duk DIC ne idan abin ya yi tsanani.

Wace fuska cutar ta nuna?

Kafin a ce hefarin ko jini, sai an duba majinyaci an ga wace fuska ta fi fitowa. Fuskar toshewa ita ce fitsari ya ragu, numfashi ya yi sama-sama, hankali ya gushe, yatsun hannu da na ƙafa su yi sanyi su fara baƙi, fata ta fito da manyan tabba masu duhu. Waɗanda suka yi aiki a annobar sankarau ta 1996, wadda ta kama mutum sama da 100,000 a arewacin Najeriya ta kashe sama da 11,000, ko ta Nijar a 2015 da ta Zamfara da Sakkwato a 2017, sun san yaron da za a kawo da safe da zazzaɓi, kafin magariba jikinsa ya cika da tabo. A baƙar fata ƙananan ɗigon ba sa saurin bayyana, sai an leƙa cikin fatar ido, da ganɗa, da tafin hannu da na ƙafa. Idan aka danna da gilashin kofi ɗigon bai ɓace ba, jini ne ya fita daga jijiya.

Fuskar zuba kuwa ita ce haɓo, jinin dasashi, baƙin bayan gida, jini a fitsari, da ramin allura da ya ƙi bushewa. A DIC na sefsis fuskar toshewa ce ta fi yawa, ita ce kuma ta fi kisa, duk da cewa zubar jini ce ke tayar wa dangi hankali tunda ita ido ke gani.

Gwaji huɗu ne ke raba gardama. Ƙidayar filatilet, wadda a mai lafiya take tsakanin 150,000 da 450,000. Gwajin PT, wanda ke auna daƙiƙun da jini ke ɗauka kafin ya daskare. Sai D-dimer, wato ɓurɓushin gudan jinin da ya narke, da kuma adadin fibirinojin, wanda ya saba zama giram 2 zuwa 4 a lita. Ƙungiyar masana daskarewar jini ta duniya, ISTH, ta haɗa su a 2001 ta zama ma'auni: filatilet ƙasa da 100,000 maki 1, ƙasa da 50,000 maki 2, PT da ya ƙaru da daƙiƙa 3 zuwa 6 maki 1, sama da 6 maki 2, D-dimer maki 2 ko 3 gwargwadon hawansa, fibirinojin ƙasa da giram 1 maki 1. Idan jimilla ta kai 5, DIC ya tabbata. Inda babu halin yin duka, ƙidayar filatilet kullum ta fi komai araha da faɗin gaskiya. Filatilet da ta sauko daga 240,000 zuwa 130,000 cikin kwana ɗaya ta fi ba ni tsoro a kan wadda ta zauna a 90,000 har kwana uku.

Hefarin

Hankali yana cewa tunda daskarewa ce tushen matsalar, a ba da maganin hana daskarewa a huta. Masana sun shafe fiye da shekara ashirin suna bin wannan hankali da maƙudan kuɗi, kuma abin da suka samo bai taka kara ya karya ba.

A 2001 gwajin PROWESS, mai majinyata 1,690, ya nuna cewa furotin C da aka sarrafa ya rage mutuwa daga kashi 30.8 zuwa 24.7 cikin ɗari. Kamfanin Eli Lilly ya fito da shi da sunan Xigris, aka yi ta murna. Da aka sake gwada shi a masu sefsis mai tsanani, ba a ga bambanci ba, kashi 26.4 na waɗanda aka bai wa suka rasu, da 24.2 na waɗanda ba a bai wa ba. A Oktoban 2011 kamfanin ya janye shi daga kasuwa. Antiturombin ma an gwada shi a 2001 a kan mutum sama da 2,300, mutuwa ta tsaya a kusan kashi 39 a ɓangarorin biyu, zubar jini kuma ta ƙaru ga waɗanda aka haɗa musu da hefarin. Turombomodulin, wanda Japan ta amince da shi tun 2008, an gwada shi a ƙasashe da dama a kan mutum 800, sakamakon da ya fito a 2019 bai nuna ribar da za a dogara da ita ba. Shi kansa hefarin an gwada shi a Medellín ta ƙasar Kolombiya a kan mutum 319, a 2009 aka ga bai rage mutuwa ba. Likitocin Japan har yanzu suna amfani da wasu daga cikin waɗannan ga wanda DIC ɗinsa ya tabbata, hujjarsu kuwa ita ce manyan gwaje-gwajen sun cakuɗa masu DIC da marasa shi. Hujjar tana da ƙarfi, sai dai magungunan ba sa cikin kantin maganin asibitocinmu, don haka gardamar ba tamu ba ce tukuna.

To ina amfanin hefarin? Wuri biyu ne. Na farko rigakafi: majinyacin da ke kwance ba ya motsi yana iya yin gudan jini a babbar jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya toshe huhu. Ƙaramin awo, kamar miligiram 40 na enoksafarin, wani nau'in hefarin da aka fi sani da Clexane, sau ɗaya a rana a ƙarƙashin fata, ko awo 5,000 na hefarin gama-gari sau biyu ko uku a rana, yana rage wannan haɗari. Ƙa'idojin kula da sefsis na duniya na 2021 sun ba da shawarar haka ga duk wanda ba shi da abin da zai hana, sun kuma fifita irin su enoksafarin. Na biyu magani: idan an ga gudan jini a babbar jijiya ƙarara, ko yatsu suna mutuwa saboda toshewa alhali babu zubar jini, likita yana iya ba da cikakken awo.

Tsakanin nau'o'in biyu ma akwai zaɓi. Enoksafarin ya fi sauƙin bayarwa, ba ya buƙatar gwaji kullum, amma ta ƙoda yake fita, ƙodar mai sefsis kuwa ita ce ke fara gajiya, sai maganin ya taru. Hefarin gama-gari ya fi araha, idan ta jijiya ake ba da shi aka tsayar, cikin 'yan sa'o'i ya bar jiki, kuma akwai makarinsa mai suna furotamin. Ga majinyacin da ƙodarsa ta taɓu, ko wanda ake tsammanin shiga da shi tiyata, ni gama-garin nake zaɓa.

Aibinsa a fili yake. Ga wanda jini ke zuba, hefarin garin neman gira ne a rasa ido. Idan filatilet ta faɗi ƙasa da 50,000 ba a ba da cikakken awo, idan ta kusa 30,000 ko ƙasa, galibin likitoci sukan dakatar da na rigakafin ma. Ga mai sankarau da za a ɗebi ruwan bayansa, sai an kula da tazarar lokaci. Kuma hefarin ta hanyar antiturombin yake aiki, wanda muka ce ya riga ya ragu, don haka wani lokaci a ba da shi ya zama kamar ba a ba da ba. Shi kansa yana iya rage filatilet bayan kwana 5 zuwa 10.

Akwai tambayar da dangi kan yi idan suka ji labari, gara a amsa ta da gaskiya: yawancin hefarin da ke kasuwar duniya daga hanjin alade ake tace shi. Malamai da yawa sun sa irin wannan a babin larura idan babu madadi. Akwai fondafarinus, wanda haɗin ɗakin gwaji ne zalla, sai dai yana da tsada, yana daɗewa a jiki, bai kuma dace da mai ciwon ƙoda ba.

Ƙarin jini da dangoginsa

Shi wannan mayar da bulon da ya ƙare ne. Ba ya hana a ci gaba da toshe lungu, amma yana ba da abin gyara katangar da ta rushe. An daɗe ana cewa ƙara wa mai DIC sinadaran daskarewa zuba wa wuta fetur ne, sai dai ba a samu hujjar da ta tabbatar da haka ba, kuma ba dalili ba ne na hana wanda ke zubar da jini.

Ƙa'idar ita ce majinyaci ake yi wa magani, ba takardar gwaji ba. Filazma, wato ruwan jini da aka daskarar cikin sa'o'i kaɗan da ɗiba, ana ba da ita ga wanda ke zubar da jini ko za a yi masa aiki alhali PT ɗinsa ya yi tsawo. Awonta wajen mililita 15 ne ga kowane kilo na nauyi, wato mutum mai kilo 60 yana buƙatar leda uku zuwa huɗu. Leda ɗaya tak ga babban mutum asarar kuɗi ce kawai. Wanda PT ɗinsa ya yi tsawo amma ba ya zubar da jini, ba a kuma shirin tsaga shi, ba ya buƙatarta. Filatilet kuwa ana ƙarawa idan ta sauka ƙasa da 10,000 ko da babu zuba, ƙasa da 20,000 idan haɗarin zuba ya yi yawa, sannan a nemi kai ta 50,000 ga mai zubar da jini ko mai shiga tiyata. Idan fibirinojin ya gaza giram 1.5 kuma jini na zuba, ana neman wani kaso na filazma da ya fi kauri da shi.

Wannan duk a littafi ne. A aikace filazma tana son firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili ko fiye, wadda wuta ba ta yankewa. Filatilet tana son digiri 20 zuwa 24, ana jijjiga ta ba tsayawa, kuma kwana 5 take yi. Wanda ya san halin wutar lantarkinmu ya san asibitoci nawa ne za su iya. Abin da aka fi samu shi ne cikakken jini, nan kuma akwai bambancin da ya kamata dangi su sani. Jinin da ya yi makonni a firji yana gyara ƙarancin jini, amma wasu sinadaran daskarewarsa sun ragu, filatilet ɗinsa kuma ba ta daɗewa a jiki. Jinin da aka ɗiba a ranar, aka tantance shi daga HIV da ciwon hanta nau'in B da C da tunjere, yana ɗauke da komai. Shi ya sa likita kan dage cewa sai an kawo masu bayarwa ko da akwai jini a ajiye. Ba son wahalar da mutane ba ne. Gaggawa kuma ba ta halatta tsallake tantancewa.

Shi ma yana da nasa haɗari. Leda huɗu na filazma ruwa ne mai yawa ga zuciya da ƙodar da suka gaji, yana iya cika huhu. Akwai rashin jituwar jini, akwai cutar da ke iya kuɓuce wa gwaji. Sannan muddin bakteriyar na nan, abin da aka ƙara da dare kafin safiya an cinye shi.

Tarkon taraneksamik

Wannan shi na fi son ungozomomi da nas-nas su ji. Tun 2017 da gwajin WOMAN, wanda ya haɗa mata 20,060 a ƙasashe 21 har da Najeriya, ya nuna cewa giram 1 na taraneksamik cikin sa'o'i 3 da haihuwa yana rage mutuwa daga zubar jini, maganin ya zama ruwan dare a ɗakunan haihuwa, kuma ya cancanta. Sai hannu ya saba, duk inda aka ga jini a miƙa masa. Aikin taraneksamik shi ne hana filasmin narkar da gudan jini. A sefsis kuwa mun ga an riga an ɗaure hannun mai sharar nan. Ƙara masa ɗauri yana iya sa toshewar ƙoda ta dawwama. Mace mai zubar jini nan take bayan haihuwa, a ba ta ba tare da jinkiri ba. Mai zazzaɓin kwana biyar da ramin allurarta ke tsiyaya, wannan shawara ce ta babban likita, kuma galibi amsar a'a ce.

Bitamin K kuwa yana da araha, haɗarinsa kaɗan ne. Ba ya warkar da DIC, amma majinyacin da ya yi kwanaki bai ci abinci ba yana shan maganin bakteriya yakan rasa shi, miligiram 10 yana gyara wannan kason cikin sa'o'i.

Masu kama da shi

Ba duk zazzaɓi da jini ba ne dafin bakteriya. Saran kububuwa yana cinye fibirinojin har jini ya ƙi daskarewa sam, maganinsa kuwa allurar makarin dafin maciji ce, ba hefarin ba. Gwajin minti 20 da aka fito da shi a Zariya a shekarun 1970, wanda ake amfani da shi a Kaltungo da sauran wurare, wato a zuba jini kaɗan a busasshiyar kwalbar gilashi a jira a ga ko zai daskare, don maciji ya dace. A sefsis yana iya yaudara, domin kumburin jiki yana sa hanta ta ƙara yin fibirinojin, sai jini ya daskare a kwalba alhali DIC na cin mutum. Zazzaɓin Lassa yana bukatar killacewa da kare ma'aikata kafin komai. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana saukar da filatilet, kuma yana iya zuwa tare da bakteriya a jini, musamman ga yara. Sai yaron da ya yi atini ko gudawa mai jini, bayan kamar mako ɗaya fitsarinsa ya ɗauke ya yi fari fat: wannan dafin Shiga ne daga wasu nau'o'in E. coli ko Shigella, yana lalata jijiyoyin ƙoda. PT ɗinsa yakan fito daidai, hefarin ba ya masa amfani, ƙarin filatilet ma ana kauce masa sai dole. Abin da yake bukata shi ne kula da ruwa da gishirin jiki, wani lokaci wankin ƙoda.

Ina kuɗin farko zai tafi?

Idan aljihu ba zai ɗauki komai ba, kuma galibi haka ne, ga yadda nake jerawa. Na farko maganin kashe bakteriya ta jijiya, cikin sa'a ɗaya ga wanda ƙarfin bugun jininsa ya faɗi, bayan an ɗebi jinin da za a shuka a ɗakin gwaji don gano bakteriyar idan akwai hali, ba tare da jiran sakamako ba. Wani bincike na 2006 ya nuna cewa ga irin waɗannan majinyata, kowace sa'a ta jinkiri tana rage damar rayuwa da kusan kashi 7.6 cikin ɗari. Gaskiya ne maganin yana fasa bakteriya ya saki endotoksin, amma wadda aka bari da rai ninka kanta take yi. Na biyu cire tushen: a wanke mahaifa, a tsaga ƙurji, a ɗinke hanjin da taifot ya huda, a cire robar fitsari ko ta jijiya da ta daɗe. Barin wannan a koma sayen ledojin jini, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Na uku ruwa da iskar oksijin gwargwadon hali, da ƙidayar filatilet kowace safiya. Sai bayan nan a zo kan takardun nan biyu: mai zuba ko mai shiga tiyata, a ba shi jini; marar zuba mai isasshiyar filatilet, a ba shi ƙaramin awon hefarin; marar zuba da filatilet ɗinsa ta yi ƙasa sosai amma ba ta kai iyakar ƙari ba, a bar shi da maganin bakteriya a sa ido. Wannan na ƙarshe shi ya fi wuyar karɓuwa, domin dangi suna ganin ba a yi komai ba, likita ma hannunsa na ƙaiƙayi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake yi a kemis ko a gida.

Matar magidancin nan filatilet ɗinta 38,000 ce a yammacin ranar. Muka ce ya ajiye allurar da ya riga ya sayo, kada a taɓa ta. Ƙannensa biyu da wani maƙwabci suka ba da jini, aka ƙara mata leda biyu a daren, aka shiga da ita aka kwashe guntun mabiyiyar da ya ruɓe a mahaifa, maganin bakteriya yana tafiya. Kwana biyu filatilet ba ta motsa ba, fitsari kuma kaɗan-kaɗan. A rana ta huɗu ta haura 90,000, ramin allura ya bushe, ƙoda ta dawo aiki, amma har lokacin ba ta iya tashi daga gado. Ranar ce nas ta aika a kira mijin, ta ce, "Baban jariri, ina Clexane ɗin nan da ka sayo? Kawo ta, yau za a fara."